Guntu da Tsani

Duk wanda ya taɓa kai aiki shagon buga takardun nan da ke ƙarƙashin benen asibitin haƙori ya san Guntu. Shi ne na can ƙurya, bayan babban injin buga ƙyalle, a kan kujerar da aka yi wa ƙari da matashi don hannunsa ya kai ga kwamfuta. Katin aure, allon shago, sitikar mota, kalandar makaranta, tsohon hoton da ake so a cire masa tabo a ƙara masa girma, duk ta hannunsa suke bi. Yatsunsa ba sa rabuwa da tawada, rigarsa ba ta rabuwa da warin gam. Mai shagon yakan ce wa baƙi, "Injin nawa ne, amma idon na Guntu ne."

Sunan tun yana makarantar firamare ya kama shi, kuma bai taɓa sakinsa ba, domin tsawon da aka yi ta jira bai zo ba. Abin haushin shi ne, duk cikin wasannin duniya ba wanda ya shiga ransa sai ƙwallon kwando, wasan dogaye. Babansa direban bas ne, shi ya fara kai shi zauren wasa wata ranar hutu, ya ɗora shi a wuya don ya ga fili. Yaron ya ji kukan takalma a kan katako, ya ga mutane kamar itatuwa suna tashi sama, shi ke nan. Ya yi shekaru yana zuwa filin bayan makaranta kafin kowa, yana jifa yana ɗaukowa. Hannunsa ya iya, idonsa ya iya. Da aka zo zaɓen 'yan wasa, koci ya dube shi sama da ƙasa, wanda ba wani dogon kallo ba ne, ya ce, "Kai zo ka riƙe mana agogo."

Ya riƙe agogon. Daga gefen fili ya koyi abin da ya fi jifa amfani a wurinsa: ya iya kwaikwayon kowa. Muryar koci, tafiyar alƙalin wasa, yadda shugaban makaranta ke gyara murya kafin ya yi ƙarya. Idan ya sa dogaye dariya, sukan manta su tsokane shi.

Ya girma, ya koyi aiki, ya auri wata malamar makaranta mai sanyin magana da kaifin ido, suka haifi 'ya'ya biyu. Ƙaunar ƙungiyar garinsu kuwa tana nan yadda babansa ya bar masa. 'Yan Shuɗi ake ce musu saboda launin rigarsu. Ƙwararru ne, albashi ake biyansu, suna da motarsu da likitansu da tambari mai ƙwallo da fuka-fuki. Abu ɗaya suka rasa, cin wasa.

Wata Litinin, bayan an lallasa su a gida, Guntu yana zaune lokacin hutun rana, aiki ya yi sauƙi, sai ya buɗe takardar da ba komai a kai a kwamfuta. Shekara da shekaru yana buga wasiƙun ofisoshi, ya san yarensu kamar yunwar cikinsa. Ya ɗauko tambarin ƙungiyar, ya karya fiffike ɗaya, ya ɗiga wa ƙwallon hawaye, ya rubuta a ƙasa:

"SANARWA. Bayan dogon bincike, hukumar ƙungiya ta gano dalilin da ya sa ba ma tara maki. Ashe kwandon a huje yake. Duk abin da 'yan wasanmu suka zuba, ta ƙasa yake zurarewa. An kafa kwamiti."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ya buɗe sabon shafi a intanet ba da sunansa ba, ya sa masa Kwando Ya Huje, ya ɗora takardar, ya koma kan katin wani mai sayar da taya. Kafin a tashi aiki wayarsa ta ɗauki zafi a aljihu. A motar komawa gida ya ji wani fasinja yana karanta wa na kusa da shi sanarwar, suna ta ƙyaƙyatawa, direba yana tambayar me aka ce. Guntu ya juya fuskarsa wajen taga, yana danne murmushi.

Daga nan abin ya zame masa kamar shan shayi. Kowane wasa da sanarwarsa. In baƙi suka zo suka ci, shafin ya ce, "Mun karɓi baƙi, mun ba su ruwa, mun ba su maki, mun raka su har mota. Tarbiyya ta fi kofi." In aka je waje aka sha kashi, ya ce, "Koci ya tabbatar wa manema labarai cewa a wajen atisaye har yau ba a taɓa cin mu ba." Akwai ranar da ya sanar da cewa ƙungiya ta nemi a rage tsawon kwando saboda tsadar rayuwa, wani dattijo ya kira gidan rediyo yana faɗa, wai wannan abin kunya ne ga gari. Ita kanta ƙungiyar sai da ta fitar da takarda cewa shafin ba nata ba ne. Guntu ya kwafi takardar, ya rubuta a sama, "Karon farko a bana da muka tare wani abu."

Ba wanda ya san shi ne sai matarsa. Takan karanta tana gyaran littattafan ɗalibai, wani lokaci dariya ta ƙwace mata har jan bironta ya zame.

"Baban yara, kai dai Allah ya shirye ka," in ji ta. "Amma ka ji ni da kyau. Ka taɓa ƙungiya, ƙungiya ba ta da uwa. Kada ka taɓa mutum."

"Haba Malama, wasa ne fa."

"Na sani. Ni da nake yini da yara, na san inda wasa yake ƙarewa."

Ya ce ya ji. Kuma ya ɗan jima yana ji.

A kakar da ta biyo baya ƙungiyar ta sayo wani ɗan wasa daga wani gari, dogo na gaske, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar zaure. An yi ta kururuta shi, an ce shi zai tsare ƙarƙashin kwando, ko ƙuda ba zai wuce ba. Shekarunsa sun ɗan ja, amma an ce gwaninta ce. Da aka fara wasa sai aka ga mutumin ba ya tsalle. Yana tsaye, hannu a sama, yaran da ba su kai kafaɗarsa ba suna dafa shi suna zura ƙwallo ta kansa. Guntu yana kallo daga kujerun sama, kalmar ta faɗo masa a ka kamar an jefo ta. Washegari shafin ya ce:

"Hukumar ƙungiya na farin cikin sanar da cewa ta sayo sabon tsani. Kowa ya taka ya hau. Ba ma nuna bambanci tsakanin namu da baƙi."

Ya haɗa da hoto: mutumin a tsaye, an zana masa matakala daga gwiwa zuwa wuya, an jingina shi da bango. Aikin ya yi kyau, wannan ba a musu. Kafin mako ya zagayo sunan yanka na mutumin ya ɓace a garin. Masu sharhin rediyo ma sai su fara faɗin sunansa, su yi tuntuɓe, su ce Tsani. A wasan gaba, da ya shigo fili, zauren gaba ɗaya ya ɗauka, "Tsa-ni! Tsa-ni! Taka ka hau!" Guntu yana tsakiyarsu, kalmarsa tana fitowa daga bakin dubban mutane, wanda ke gefensa yana dukan kafaɗarsa yana cewa ya ɗaga murya mana. Bai taɓa jin kansa da tsawo irin na ranar ba.

Matarsa ta ga hoton, ba ta yi dariya ba. Ta miƙa masa wayar ta ci gaba da yankan albasa.

Sai ga wasan da aka yi ana ruwan sama. Ana cikin zagaye na uku, Tsani ya yunƙura, wannan karon ya yi tsallen, ya sauko a kan ƙafa ɗaya, ƙafar ta lanƙwashe, ya tafi gaba ɗaya ya zube a kan katako. Faɗuwar dogon mutum tana da tsawo. Wani ya ɗauka a waya, bidiyon ya iso hannun Guntu tun kafin a fitar da mutumin daga fili. Da safe, kafin mai shago ya iso, Guntu ya shiga lungun baya, ya tura tsanin ƙarfen da suke hawa ɗauko kwalaye, ya naɗi ƙarar faɗuwarsa. Ya ɗora ƙarar a kan bidiyon, ya sa faɗuwar ta maimaita kanta, gaba, baya, gaba, ya rubuta, "A riƙa riƙe wa juna tsani, jama'a."

Duk abin da ya taɓa yi, ba wanda ya yi tafiyar wannan. Ya fita garin, ya shiga wayoyin mutanen da ba su san ma ana buga ƙwallo da hannu ba. Yara a layi suka mayar da shi wasa: ɗaya ya miƙe ya faɗi, sauran su yi ƙarar ƙarfe da baki.

Tsani bai sake bugawa ba. Ƙungiya ta ce rauni ne, daga baya ta ce sun rabu cikin mutunci. Shafin ya yi masa sallama da layi ɗaya: "Na sayarwa: tsani, an ɗan yi amfani da shi." Daga nan Guntu ya koma kan koci da alƙalai, ya manta da shi kamar yadda ake manta katin auren bara.

Bayan watanni, wata Laraba da hantsi, hasken ƙofar shagon ya dushe. Guntu ya ɗago kai ya ga wani mutum yana sunkuyowa don ya shigo. Nan take ya gane shi.

Mai shago ya miƙe da sauri, baki har kunne. "A'a! Wa nake gani haka? Tsa…" Ya kama bakinsa.

"Ƙarasa abinka, maigida," in ji mutumin, yana murmushi. "Tsani ne. Ai ko a gidanmu yanzu ƙannena haka suke ce mini."

Muryarsa ƙarama ce, ba ta dace da jikin ba. Yana tafiya yana ɗan jan ƙafar dama. Ya ce ya buɗe ɗan shago ne, aikin wuta da abin da ya shafi sama: ɗaura fanka, sa ƙwan fitila, rataya labule, gyaran silin. Tun yana saurayi ya koya a wajen kawunsa, kafin ƙwallo ta ɗauke shi. Allo yake so na saman ƙofa, da sitika ta jikin babur.

"Ga wanda zai yi maka," in ji mai shago, yana nuna ƙurya. "Duk garin nan ba kamarsa. Guntu, ba shi kujera."

Kujerar ta yi masa kaɗan. Ya zauna a kan kwalin takardu, ya miƙe ƙafar dama har ta kai ƙarƙashin teburin Guntu. Wandon ya ɗan ɗage, amma ba sai an ga tabon ba, yadda ya tallabi gwiwar da hannu biyu kafin ya ajiye ta ya isa.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa."

"Yauwa, sannu, yallaɓai." Guntu ya ji muryar kansa kamar ba tasa ba. "Wane suna za a sa?"

"Tsani mana. Na yi ta tunani, na ga sunan ya riga ya bi ni, ko na gudu yana gabana. To tunda ya hana ni ci a can, bari ya ciyar da ni a nan." Ya ciro waya, ya yi ta shafawa da babban yatsa, ya juyo da ita. "Ka ga wannan? Irinsa nake so. Ka cire rigar ƙungiya kawai, ka sa mini fanka a hannu."

Hoton ne. Matakala daga gwiwa zuwa wuya, jingine da bango. Guntu ya san kowane layi a ciki. Ya san inda ya yi kuskure a kafaɗar hagu ya rufe da inuwa. Asalin hoton ma yana nan cikin kwamfutar da ke gabansu, ba nisa da inda hannunsa yake.

"Ko wane ne ya yi shi, yana da hannu," in ji Tsani. "Gaskiya ɗaya ce. Za ka iya kwatantawa?"

Mai shago ya leƙo yana dariya. "Kwatantawa? Ai sai ya fi na ainihin kyau. Wannan shafin kuwa, Allah ya isa tsakanina da shi, ya sha sa ni ƙwarewa da shayi."

"Ni ma na yi dariya a wasu," in ji Tsani. "Na kwandon nan mai huji, a ɗakin canza kaya muka karanta, har koci sai da ya juya baya." Ya dubi gwiwarsa. "Na faɗuwar ne dai. A gadon asibiti na gan shi, ana shirin shiga da ni tiyata. Wani ma'aikaci ne yake kallo a waya a bakin ƙofa, bai san ni ne a ciki ba, na ji ƙarar ƙarfen nan. Gwiwar da ma can tana ciwo, tun kafin in zo garin nan, shi ya sa ba na tsalle. Ranar na gaji da waƙar, na ce bari in nuna musu. To, na nuna musu."

Ba da ɗaci ya faɗa ba. Kamar mai ba da labarin motar da ta lalace a hanya.

"Ni babba ne, na saba. 'Yata ce abin ya taɓa. Ta gado ni, ta fi duk 'yan ajinsu tsawo. Sai suka koma ce mata Ƙaramin Tsani, in ta wuce su faɗi ƙasa suna ƙara. Ta daina zuwa. Da ƙyar muka canza mata makaranta, can ma bidiyon ya riga ta isa. Yanzu tafiya take a duƙe, uwarta tana ta fama da ita ta miƙe." Ya gyara zama. "Kai, na cika ka da surutu. Shuɗi nake so a bayan, in ba damuwa. Har yanzu ina son launin."

Guntu ya ce to. Ya rubuta tsawo da faɗin allon a bayan wata takarda. Kunnuwansa sun yi zafi kamar an kara musu dutsen guga. Da a ce ƙasa za ta tsage, da ya shige ya ja ta ya rufe.

Da yamma ya kasa cin abinci. Yara suka gama suka fita tsakar gida, matarsa ta zauna tana dubansa.

"Ciwo ne?"

Ya ba ta labari, kansa a ƙasa. Ya jira ta ce ai na faɗa maka. Da ta faɗa, da ya sami abin riƙewa, ko faɗa ne su yi. Ba ta faɗa ba. Ta tambaye shi shekarun yarinyar. Ya ce bai sani ba. Ta ce a ajinta akwai mai irin wannan tafiyar, ta san yadda kafaɗa take komawa in yaro yana so ya ɓace.

"Yanzu me za ka yi?"

"Zan goge bidiyon."

"Goge shi. Sai kuma me?"

"Zan yi masa allon da bai taɓa ganin irinsa ba."

"Baban yara," in ji ta a hankali, "allo ya zo saya, allo za ka ba shi. Wannan ciniki ne. Ina tambayarka ne me za ka yi."

Ya goge bidiyon a shafinsa a take. Bai ɗauki minti ba ya same shi a wasu shafukan, wani an ƙara masa kiɗa, wani an sa masa sunan wani mai shafin kamar shi ya yi. Magana zarar bunu ce.

Allon ya ci masa kwanaki fiye da kima. Bai buɗe tsohon hoton ba, ya kasa. Ya sake zanawa daga farko. Ya cire bangon da aka jingina mutumin, ya tsayar da shi da ƙafafunsa, ya mayar da matakalar ta zama ado a gaban rigar aiki, ya sa masa fanka a hannu ɗaya kamar mai riƙe da ƙwallo. Mai shago ya tsaya a bayansa ya ce, "Kai, wannan ko kamfani sai haka." Guntu ya ci gaba da aikinsa.

Ranar Asabar da safe ya ɗauki allon a motar kaya ya kai da kansa, ko da yake ba aikinsa ba ne. Shagon ɗan ƙarami ne, a jikin gidan da Tsani ke haya, tsakanin mai wankin kaya da mai gyaran waya. Ciki akwai fankoki a rataye, da naɗin waya, da akwatin kayan aiki. Tsani ya warware ledar, ya ja da baya, ya daɗe yana kallo.

"Ɗan'uwa, ka fi shi," ya ce. "Wallahi ka fi mai shafin."

Wurin da za a kafa allon ya wuce inda hannunsa ke kaiwa, kuma gwiwar ba ta yarda da hawa. Ya yi dariya ya ce ka ga Tsani yana aron tsani. Aka aro na mai wanki. Guntu ya hau da na'urar huda bango a hannu, Tsani ya miƙa masa allon, ya dawo ya riƙe ƙafafun tsanin da hannuwansa biyu.

"Kada ka ji tsoro, na riƙe."

Guntu ya huda, ya ɗaura kusurwa ɗaya, ya ɗaura ta biyu. Ya dubi ƙasa ya ga tsakiyar kan mutumin, gashin ya fara sauka, akwai furfura jefi-jefi. Ya san in ya sauko ya tsaya a gabansa yana ɗaga kai, ba zai iya ba har abada.

"Yallaɓai."

"Na'am? Ya karkace ne?"

"Ni ne."

"Kai ne me?"

"Shafin. Kwando Ya Huje. Ni na sa maka sunan. Hoton ni na yi. Bidiyon ma, ƙarar… tsanin shagonmu ne, ni na tura shi na naɗa."

Mai wanki yana can yana buga kaya, wani babur ya wuce. Tsani bai ɗago kai ba. Guntu yana jin hannuwan mutumin ta cikin ƙarfen, ba su motsa ba, ba su saki ba.

"Saura ƙusa nawa?" in ji Tsani daga ƙarshe.

"Biyu."

"Ƙarasa. Kada ya faɗo wa wani a ka."

Ya ƙarasa. Bai taɓa ɗaura ƙusa mai nauyin waɗannan ba. Ya sauko mataki-mataki, ya tsaya, idonsa daidai aljihun rigar mutumin.

"Da na zo shagonku ina ba ka labarin 'yata, ka san ni, ni ban san ka ba," in ji Tsani. "Ka bar ni ina ta zuba."

"Na kasa ne."

"Me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Ina son ƙungiyar ne, kuma… mutane suna dariya." Da ya ji yadda maganar ta fito, ya gwammace da bai buɗe baki ba.

Tsani ya gyaɗa kai, kamar wanda aka faɗa wa farashin da ya riga ya sani. A daidai nan ƙofar gidan ta buɗe, matar Tsani ta fito da tire, ruwan sanyi da kofuna biyu. Ta ɗaga kai ta ga allon, ta ajiye tiren ta riƙe baki.

"Kai, masha Allah! Malam, kai ka yi wannan? Allah ya yi wa hannun nan albarka. Ka ga yadda ka fito, Abbanta? Rabon da in ga hotonka ina murna har na manta." Ta zuba ruwa ta miƙa wa Guntu da hannu biyu. "Bisimilla, ka sha rana."

Guntu ya dubi Tsani. Tsani yana duban titi. Bai ce mata komai ba. Dole Guntu ya karɓa, ya sha, tana tsaye tana yi masa addu'a, shi da iyalinsa da zuriyarsa. 

Da ta koma ciki, Tsani ya naɗe wayar na'urar ya miƙa masa.

"Abin da ya shafe ni, na bar shi. Gwiwar ba kai ka karya ta ba, ni na yi tsallen. Na yarinyar kuwa ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe shi."

"Ko zan iya ganinta? In ba ta haƙuri."

"Don ka ji sauƙi?" Ya girgiza kai. "Ba yanzu ba. In ta kai lokacin da za ta so ta san wane ne, zan faɗa mata, in ta ce a kira ka, a kira ka. Allon ya yi kyau. Sauka lafiya."

A ranar Guntu ya zauna ya rubuta abu na ƙarshe a shafin. Ba tambari, ba hoto. Ya ce shi mai wannan shafi ya zalunci wani bawan Allah da iyalinsa, ya mayar da ciwon mutum abin dariya, yana neman afuwa, yana roƙon duk mai bidiyon ya goge. Ya karanta wa matarsa, ta ce ya yi, ya ɗora.

Sharhi ya fara shigowa. "Wayyo cikina!" "Wannan ya fi na kwandon." "Saura hukumar ƙungiya ta nemi afuwar kwando." Wani ya ce salon sabon ya yi, a ci gaba. Wani ya manna bidiyon faɗuwar a ƙarƙashin rubutun, aka bi shi da dariya. Ya sake rubutawa cewa da gaske yake, aka ƙara fashewa. Shekaru yana koya musu cewa duk abin da ya fito daga bakin nan wasa ne, sun kuwa koya da kyau. Kafin la'asar ya rufe shafin gaba ɗaya. Ba a yi wata ba wasu suka buɗe nasu da sunaye masu kama, sun fi shi zafi, ba su kai shi iya rubutu ba.

Guntu yana nan a ƙuryarsa. Yana zuwa kallon wasa jefi-jefi, amma ya daina zama cikin masu waƙa. Har yau ba a kira shi ba. In sun haɗu da Tsani a hanya sukan gaisa, gaisuwar mutanen da suka taɓa ciniki, shi ke nan. Sitikar babur ɗin a wani shago aka buga ta. Aikin Tsani ya karɓu, har ya ɗauki ma'aikata, kuma allon ya zama abin kwatance a unguwar, ana cewa in ka wuce Tsani ka sha kwana.

Shi ya sa kusan kowane mako sai wani ya shigo shagon buga takardun da waya a hannu, mai gyaran famfo ko mai sayar da katifa, ya ce an ce nan aka yi allon dogon nan mai fanka, irinsa yake so. Mai shago ya buɗe ƙirji ya nuna ƙurya, ya ce ga gwanin nan, shi ya yi, kuma cikin 'yan kwanaki. Baƙon ya zo ya tsaya a kansa yana yabo. Guntu ya sunkuyar da kai kan kwamfuta, ya jira yabon ya wuce, sannan ya tambayi mutumin wane launi yake so a baya.